FOB ko CIF: Wa Ke Ɗaukar Asara Idan Kaya Suka Lalace a Hanya?

Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa ko Ƙofar Ruwa da ya taɓa neman farashi daga wata masana'anta a ƙasar Sin ya san ba a ba shi amsa da lamba ɗaya. Farashi biyu ko uku za a rubuto masa, kowanne da haruffa uku a gabansa: FOB Ningbo kaza, CIF Legas kaza. A kan waɗannan haruffa ne 'yan kasuwarmu suka rabu gida biyu. Wasu sun ce kwanciyar hankali shi ne ka bar mai kaya ya ɗauko maka jirgi da inshora, kai dai ka jira a Apapa. Wasu kuwa sun ce wanda bai riƙe akalar jirginsa ba, bai san nawa ya sayi kayansa ba. Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi, sai dai akwai wani abu da duka biyun suke yawan yi wa gurguwar fahimta, kuma da shi ya kamata a fara.

Haruffan nan ba dokar wata ƙasa ba ce. Ƙa'idoji ne da Cibiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya, ICC, mai hedikwata a Faris, ta fara bugawa a 1936 da sunan Incoterms, tana sabunta su lokaci zuwa lokaci. Wanda ake aiki da shi yanzu ya fara ne ranar 1 ga Janairun 2020, kuma yana ɗauke da ƙa'idoji 11: huɗu na sufurin ruwa kaɗai, bakwai na kowace irin hanya. Aikinsu su fayyace wanda zai yi wane aiki, wanda zai biya wane kuɗi, da kuma daidai wurin da alhakin kaya ke sauka daga wuyan mai sayarwa ya hau na mai saye. Ba ruwansu da yadda za a biya kuɗin ciniki, ba ruwansu da lokacin da kaya ke zama mallakinka. Waɗannan sai yarjejeniyar cinikin ta faɗa da bakinta.

A FOB, mai sayarwa zai fitar da kaya daga kwastan ɗin ƙasarsa, ya kai su tasha, ya ɗora su a jirgin da mai saye ya zaɓa. Daga nan hannunsa ya fita. A CIF kuwa, shi zai nemo jirgi, ya biya kuɗin dako har tashar da aka ambata, ya kuma yanki inshora. CFR ƙanwar CIF ce, bambancinsu kawai babu inshora a cikinta. To, ga inda ake tuntuɓe. Mutum zai ga an rubuta CIF Legas, sai ya ɗauka kaya suna wuyan Basine har sai jirgi ya jingina a Apapa ko Tin Can ko Lekki. Ba haka ba ne. A CIF ma, alhakin kaya yana komawa kan mai saye ne tun lokacin da aka ɗora su a jirgi a can Ningbo ko Nansha, daidai da FOB. Kamar ka sayi buhunan masara a Dawanau ne, mai kaya ya ce ya ɗauke maka kuɗin mota har Zariya, amma da sharaɗin da zarar 'yan dako sun jera su a bayan mota, abin da ya same su a hanya kai ya samu. Kuɗin mota daban, asara daban. Malamanmu na Malikiyya ma sun daɗe da raba waɗannan abubuwa a babin ciniki, inda suka ce kayan awo da na ma'auni suna cikin lamunin mai sayarwa har sai an auna an miƙa. Tambayar tsohuwa ce, teku ce kawai ta ƙara mata tsawo.

Idan an gane wannan, sai a saurari masu goyon bayan CIF, domin maganarsu ba ta raini ba ce. Hujjarsu ta farko ita ce girma. Masana'antar da ke fitar da kwantenoni da yawa kowane wata tana da bakin magana a gaban kamfanin jirgi, wanda Alhajin da ke shigo da kwantena uku a shekara ba shi da shi. Farashin dakon da za a ba ta ba shi za a ba shi ba. Sannan ga sauƙin lissafi: lamba ɗaya aka ba ka, ka san nawa kowace dila ta tsaya maka a bakin ruwan Legas, ka ɗora kuɗin kwastan da na tirela, ka ga ko akwai riba. Kuma wanda ya ga abin da ya faru a 2021, lokacin da cunkoson bayan annobar korona ya sa matsakaicin kuɗin dakon kwantena mai ƙafa 40 a manyan hanyoyin duniya ya haura dala 10,000, zai fahimci darajar farashin da aka riga aka ƙulle. Wanda ya sayi kaya a FOB kafin tashin, shi ya sha dukan. Wanda ya ƙulla CIF, a takarda dai, mai kaya ne ya kamata ya haɗiye bambancin.

Hujjarsu mafi ƙarfi, wadda masu FOB ba su cika son a tayar ba, ita ce ta jirgin da bai zo ba. A FOB, wajibin mai saye ne ya sanar da sunan jirgi da ranar lodi a kan lokaci. Idan bai sanar ba, ko jirgin da ya zaɓa ya makara, ko ya rufe karɓar kaya da wuri, ƙa'ida ta ce alhakin kayan yana iya hawa kansa tun suna ƙasa, da duk kuɗin ajiyar da zai biyo baya. Mutum yana zaune a Kano, akwai tazarar awa bakwai tsakanin agogonsa da na Sin, ba ya jin Sinanci, Turancin ma sai an fassara masa, ta yaya zai bi diddigin jirgin da aka ɗage tafiyarsa ana dab da hutun sabuwar shekarar Sinawa? Irin wannan mutum idan ya ce a bar wa mai ɗaki ya nuna inda ke yoyo, ban ga laifinsa ba.

Amma fa sai a buɗe takardar inshorar nan da ake taƙama da ita a karanta. Abin da CIF ya wajabta wa mai sayarwa shi ne mafi ƙarancin kariya, wato rukunin C na sharuɗɗan inshorar kaya da kasuwar Landan ta tsara, a kan kashi 110 cikin 100 na kuɗin ciniki. Idan kayanka na dala 20,000 ne, za a yanka a kan dala 22,000. Lambar tana da daɗin ji. Sai dai rukunin C manyan masifu kawai ya sani: gobara, fashewa, nutsewar jirgi, karo, kafewa a tudu, ko zubar da kaya a ruwa don a ceci jirgi. Babu sata a ciki. Babu ruwan da ya kutsa ta rufin kwantena. Kuma waɗannan su ne ainihin abin da ke cin 'yan kasuwa. A ce an buɗe ƙofar kwantena a sito, wari ya fara fitowa kafin a ga komai, a janyo dilolin sahun gaba lafiya lau, sai a kai tsakiya a tarar da wani ɗan rami da bai fi kan yatsa ba a rufi ya yi makonni yana ɗiga. Shadda ta yi tabo, kwalaye sun narke, gefen atamfa ya yi baƙin fumfuna. Mai kaya ya ɗauko waya ya kira Guangzhou, a ce masa da ladabi: mun yi lodi lafiya, ga takardar lodi babu wani tsokaci a kanta, ka nemi kamfanin inshora. Ya nemi kamfanin inshora, wanda ke wata nahiya, a ce masa wannan ba ya cikin abin da aka saya. Ba wanda ya karya alkawari a cikinsu. Abin da aka rubuta ke nan.

A Najeriya ma akwai ƙarin magana. Dokar inshora ta ƙasar ta tanadi cewa kayan da za a shigo da su ƙasar a yanka musu inshora a kamfanin da ke da rajista a cikin gida, kuma banki yana neman wannan takarda kafin ya amince da Fom M, wato fom ɗin shigo da kaya, wanda sai da shi kwastan ke fitar da takardarsu ta tantance haraji, PAAR. Ke nan wanda ya bi hanyar hukuma ya kuma sayi CIF, inshora biyu ya biya. Shi ya sa mafi yawan abin da ake kira CIF a bakin kasuwa, idan ka duba takardun, CFR ne. Kuma abin takaici, da yawa suna yankar inshorar gidan ne mafi arha don kawai a cike fom, ba don su taɓa neman diyya ba. Inshora ba ta da farin jini a wurinmu, wani don shakkar halaccinta, wani don ya ji labarin wahalar karɓar diyya, duk da yanzu akwai kamfanonin takaful masu lasisi a ƙasar. Amma teku ba ta tambayar ra'ayinka. Akwai wata tsohuwar ƙa'idar sufurin ruwa da ta ce idan aka yi asara ko aka kashe kuɗi don ceton jirgi, duk mai kaya a cikinsa zai ba da kasonsa gwargwadon darajar kayansa. Da jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez na kwana shida a watan Maris na 2021, masu shi sun ayyana wannan ƙa'ida, kuma wanda kayansa ba su da inshora sai da ya ajiye jingina daga aljihunsa kafin a sakar masa kwantenar da ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Batun arhar dako ma akwai lauje cikin naɗi, musamman ga masu kayan da ba su cika kwantena ba. Sanannen abu ne a harkar cewa ejan a can yakan ba mai sayarwa farashin dako mai arhar gaske, wani lokaci kusan kyauta, sannan abokin hulɗarsa na tashar sauka ya fanshe a kan mai karɓa da sunan kuɗin takardu, kuɗin sauke kaya, kuɗin sakin kaya. Kai ba ka zaɓe shi ba, ba ka yi ciniki da shi ba, amma takardar sakin kayanka tana hannunsa, kuma kowace safiya tarar jinkiri tana ƙaruwa. Nan ne hujjar masu FOB ta fi kama ni. Wanda ya yi hayar jirgi shi ke da ikon neman kwanakin rangwame kafin tara ta fara. Basinen da ya yi hayar ba abin da ya dame shi da cewa daga Legas zuwa Kano akwai kusan kilomita 1,000, kuma sai kwantena ta je ta dawo babu kaya kafin kamfanin jirgi ya daina lissafi ya mayar da kuɗin ajiya. Shi jirgi mafi arha zai nema, ko da zai tsaya sauya kaya a wata tasha ya ƙara makonni. Kai kuwa da ka sayo kayan Sallah, mako biyu na jinkiri ya isa ya mai da ribar shekara ajiyar baɗi.

Akwai dai wata hujja ta masu FOB da ba ta tsaya da ƙafarta ba, wato cewa yana rage kuɗin kwastan tunda lambar da ke kan rasit ta fi ƙanƙanta. Kwastan ɗin Najeriya a kan jimillar kuɗin kaya da dako da inshora suke lissafin haraji, ko da wace ƙa'ida ka saya. Abin da ya fi motsa wannan lissafi a 'yan shekarun nan shi ne canji: daga Yunin 2023 da aka saki naira, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma wannan bai bar mai FOB ba, bai bar mai CIF ba.

Ga 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Yamai, muhawarar tana da wata fuska, domin su tasha ma ta wata ƙasa ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakar Benin, tireloli suka yi layi a Malanbil suna hangen Gaya a tsallaken kogi, kwantenoni suka taru a Kwatano. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata gefen ba, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji. A duk wannan, wanda ya sayi CIF Kwatano da wanda ya sayi FOB Shanghai jirgi ɗaya ya kwaso su: mai sayarwa ya gama nasa tun a Sin. Bambancin kawai, mai FOB da ke da alaƙa kai tsaye da kamfanin jirgi ya fi samun damar neman a karkatar da kayan da ke kan ruwa zuwa wata tasha, shi kuwa ɗayan sai ya roƙi mai sayarwa ya roƙa masa. 'Yan Najeriya ma sun ɗanɗana irin wannan lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020.

To ƙaramin ɗan kasuwa fa, ko Hajiyar da ke saro jakunkuna da takalma kwali goma ta waya? Ita ba ta cikin wannan gardama ko kaɗan. Ejan take ba wa, a auna mata da kilo ko da girman kwali, a ce ta zo ta ɗauka a sito a Kano. Wasu suna kiran wannan DDP, ƙa'idar da mai sayarwa ke ɗaukar komai har harajin kwastan zuwa ƙofar mai saye. Amma a zahiri ba ita ba ce, domin ba mai sayarwa ne ya ɗauki nauyin ba, wani na uku ne, kuma sunan Hajiya ba ya kan takardar lodi. Idan wani a cikin mutum 40 da aka haɗa kayansu ya cusa haramtaccen kaya aka kama kwantenar, abin da ke hannunta rasit ne na ejan da saƙonnin WhatsApp. Amana ce ke riƙe da tsarin, kuma gaskiya tana riƙe shi fiye da yadda masu boko ke zato. Ba zan ce ta bari ba, don kwali goma ba ya ɗaukar Fom M da lauya. Abin da za ta iya shi ne ta sa a rubuta mata nawa za a biya ta a kan kilo idan kaya suka ɓace, kafin su ɓace. Shi kuwa EXW, wanda farashinsa ya fi kowanne ƙanƙanta a ido, yana nufin ka zo ƙofar masana'anta ka ɗauka, hatta fitar da kayan daga kwastan ɗin Sin a kanka yake, alhali baƙo ba shi da rajistar yin hakan sai ya yi hayar mai ita.

Abin dariyar shi ne yadda baki ke sauyawa idan aka juya ciniki. Mu ma masu sayarwa ne: riɗi daga Dawanau da Maigatari yana tafiya Japan da Turkiyya da Sin, zoɓo yana tafiya Meziko, citta daga Kaciya tana tafiya Indiya da ƙasashen Larabawa. Mai fitar da riɗi a FOB Legas yakan ɗauka ya zaɓi mai sauƙi, amma alhakin kayan yana wuyansa tun daga sito, duk tsawon hanya, har layin shiga Apapa, inda a shekarun cunkoso kafin a kawo tsarin kiran motoci na Eto a 2021 tirela kan yi makonni a tsaye, riɗi yana zufa a cikin ƙarfe. Kai ko bayan ya miƙa kwantena ga masu tasha, ya daina ganinta, ba shi da ikon taɓa ta, tana nan a wuyansa har ranar da ƙugiya ta ɗora ta a jirgi. Saboda wannan giɓi ne ita ICC ɗin da kanta take ba da shawarar kada a yi amfani da FOB da CFR da CIF a kayan kwantena, a koma FCA da CPT da CIP, inda alhaki ke sauka da zarar an miƙa kaya ga mai dako. Da can masu sayarwa suna gudun FCA don banki yana son takardar da ke nuna kaya sun hau jirgi kafin ya saki kuɗi. Bugun 2020 ya buɗe ƙofar a yi sharaɗin mai saye ya umarci kamfanin jirgi ya ba da ita. Amma ko wace ƙa'ida aka zaɓa, ba ta wanke kaya marasa inganci. Da Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari, ba a tambayi kowa haruffan da ke kan rasit ɗinsa ba.

Ni dai, ga wanda ya kai matsayin cika kwantena da sunansa, ina tare da masu cewa ya riƙe jirginsa, ya saya a FOB ko ma FCA, ya yanki inshora ta rukunin A, wato mafi faɗin kariya, a gida wadda ta taso daga sito zuwa sito, ba wadda ta tsaya a bakin ruwa ba. Dalilina shi ne tunda a duka biyun asarar teku tasa ce, bai kamata wanda ba zai yi asara ba ya zama shi ke zaɓar jirgi da inshora. Sharaɗin kawai ya samu amintaccen ejan na dako mai ofis a can da nan, wanda za a iya kamawa a Kano ko Legas idan magana ta taso. In babu wannan, hujjar jirgin da bai zo ba tana nan daram, kuma CFR tare da inshorar gida mai kyau ya fi masa, muddin ya sa an rubuta sunan kamfanin jirgi, da kwanakin rangwame, da wanda zai biya kuɗin sauke kaya a tasha.

Tashoshin tsandauri sun fara shigo da wata sabuwar tambaya. An ƙaddamar da ta Kaduna a Janairun 2018, ta Dala a Zawaciki kuma a Janairun 2023, da nufin kaya su wuce kai tsaye a yi musu kwastan a Arewa. Wanda zai rubuta Kano a matsayin masauƙin kaya ya sani CIF Kano ba ta da ma'ana, tunda ƙa'idar ruwa ce. CIP ce ta dace, kuma ita tun bugun 2020 inshorar rukunin A ta wajabta. Sai dai ita ma alhaki yana sauka ne tun a Sin, a hannun mai dako na farko. Ƙa'idar da za ta bar kaya a wuyan mai sayarwa har su iso Zawaciki ita ce DAP, ko DPU idan har da saukewa. Masana'antar da za ta yarda ta ɗauki hanyar Legas zuwa Kano a wuyanta za ta saka kuɗin tsoronta a cikin farashi, kuma sai ɗan kasuwa ya ajiye wannan farashi kusa da na FOB da dako da inshora da tirela, ya ga wanne ne ya fi tsada a kan kowace dila.